Juyi ba ya ɓata, hannu kawai yake sauyawa

A darasin fiziks akan zaunar da ɗalibi a kujera mai juyawa, ya miƙa hannuwansa, a juya shi, sannan ya naɗe su a ƙirji, sai gudun juyawarsa ya ƙaru. Aji ya yi dariya, malami ya rubuta lissafi a allo, a wuce babi na gaba. Wannan rowa ce ga ɗalibi, domin an nuna masa ɗaya daga cikin manyan dokokin halitta a matsayin wasa.

Dokar ita ce: duk abin da ke juyawa yana da wani adadi, a kira shi jarin juyi, wanda ake samu idan an ninka nauyinsa da gudunsa da nisansa daga cibiyar juyawar. Muddin wani ƙarfi bai murɗa shi daga waje ba, jarin nan ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Nisa ya ragu, dole gudu ya ƙaru.

Misalin da ya cancanci allo yana sama. Tudu da janyewar ruwan teku, waɗanda wata ke haddasawa, suna taka wa duniya birki a hankali, har yini yana ƙara tsawo da kimanin kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa a kowane ƙarni. Juyin da duniya ke rasawa bai salwanta ba, wata ne yake karɓa, shi ya sa yake nisanta da kusan santimita 3.8 a shekara. Ba hasashe ba ne: ana auna nisan ta hanyar harba hasken leza zuwa madubai da aka ajiye a kan wata, na farkonsu a tafiyar Apollo 11 ta 1969.

Injiniyoyi kuwa da dokar suke cin abinci. Tauraron ɗan Adam ba shi da abin dogarawa a sararin samaniya, don haka yakan juya wani faifai a cikinsa, jikinsa ya karkata ɗaya ɓangaren. Na'urar hangen nesa ta Kepler, wadda hukumar NASA ta harba a 2009, tana da irin waɗannan faya-fayai huɗu. Da na biyu ya lalace a watan Mayun 2013, ta kasa tsayar da ido kan taurarin da aka tura ta dubawa, sai da aka sauya mata aiki.