Wa zai isar da wa'azi ga kurame?

Ƴan'uwa Musulmi, kullum tafsiri da huɗuba suna shigowa wayoyinmu, amma duk murya ce. To kurma fa? Salla da azumi sun wajaba a kansa, mu kuwa mun rufe masa ƙofar sanin hukuncinsu. Ku tuna, saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, aka saukar da farkon Suratu Abasa.

Masu cewa babu hali, kuɗin lasifika bai taɓa gagarar masallaci ba. Mai ɗora wa'azi ya sa rubutu ƙarƙashin bidiyo. Kwamitin masallaci ya samo mai fassara da maganar hannu, a ɗauke shi cikin hoton, domin ba kowane kurma ya iya karatu ba.

Wannan amana ce, kuma za a tambaye mu. Allah Ya sa mu gyara.