TUKWICI BA ALBASHI BA NE

Jama'a, birnin Atlanta na jihar Jojiya a Amurka ya zama matattarar masu shirya fim. Samari da 'yan mata masu burin wasan kwaikwayo suna kwarara can. Kafin su dace, da yawansu sukan kama aikin kai abinci tebur: da rana gwaji, da dare aiki.

To, ina zaluncin yake? Tun 1991 dokar tarayya ta yarda mai gidan abinci ya biya su dala 2.13 a awa, muddin tukwicin baƙi ya cike ladan zuwa mafi ƙanƙanta, wato dala 7.25 tun 2009. Yarinyar da kuɗin hayarta ke aljihun baƙo, yaya za ta tsawata masa in ya yi mata maganar banza ko ya kai mata hannu?

A 1986 Kotun Ƙoli ta yanke cewa irin wannan cin mutunci a wurin aiki keta doka ne. Amma mai tsoron kora ba ya kai ƙara.

Kalifoniya da waɗansu jihohi 6 sun tilasta biyan cikakken lada, tukwici kuwa ƙari ne. Muna kira ga Jojiya da sauran jihohi su bi sahu. Wanda ya ɗauki ma'aikaci, shi zai biya shi!