Babur Da Silifas: Ƙafa Fa Ba Ta Da Safaya!

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki har mun daina ganin muninta. Mutum zai tara kuɗi ya sayi Bajaj ko Jincheng, ya sa masa sabon madubi, ya naɗe kujera da leda, ya manna sitika gaba da baya, sannan ya haye da silifas ɗin wanka ya ba shi wuta. Ka tsaya bakin titi a Zariya ko Gusau, ko ka leƙa 'yan kabu-kabun Maraɗi, ka ƙirga ƙafafu goma da suka wuce ka, ka ga nawa ne a rufe. An tanadi komai domin ƙarfe, ba a tanadi komai domin ƙafar da ke tuƙa shi ba. Wannan wauta ce, kuma da sunanta ya kamata a kira ta.

Mai karatu, ka dubi aikin da ƙafa take yi a kan babur. Ta hagu ce ke sa giya, ta dama ke taka birkin baya, ita ce kuma ke buga kik. In an tsaya, su biyun ke riƙe da nauyin mashin da ya haura kilo 100, ban da fasinja da buhun masara. Ga salansa da zafi a gefe guda, ga sarƙa tana juyawa a ɗayan. Wanda ke gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Idan ya zame, silifas ne farkon abin da zai bar shi, sai idon sawu ya haɗu da kwalta, mashin kuma ya danne daga sama. Masu ɗori da Asibitin Ƙashi na Dala sun san ƙarshen wannan labari.

Na san abin da za a ce. Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. To, ai masu faɗar haka su ne ke kulle babur da kwaɗo biyu in za su shiga kasuwa. Me ya sa ba su bar shi a buɗe ba, tunda sata ma ba ta wuce ranarta? An yarda a yi rigakafin ɓarawo, an ƙi yarda a yi na kwalta.

Za a ce zafi. Gaskiya ne, rufaffen takalmi a watan Afrilu ba wasa ba ne. Amma fata ta gaske tana barin gumi ya fita, musamman da safar auduga. Mai dafa ƙafa shi ne takalmin roba da ake yi wa fenti a kira shi fata. Za a ce alwala da shiga masallaci sau biyar. Ai shi ya sa aka yi mai zif a gefe, wanda cire shi bai kai minti ɗaya ba. Za a ce tsada. Sai a kwatanta kuɗin takalmi ɗaya mai shekara uku da kuɗin ɗori, da magani, da wata biyu ana kwance babu ko sisi mai shigowa, ga iyali sun zuba ido. Araha dai ba ta ado.

Mun taɓa ganin irin wannan taurin kai. A ranar 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano, sai ga wasu sun kifa ƙwarya da tukwane a ka don su wuce jami'ai. Aka yi ta dariya har a kafafen waje. Wanda ya kifa ƙwarya ya yaudari jami'i, bai yaudari titi ba. Ita ƙafa ma babu mai tare ka a kanta, don haka hankalinka ne kaɗai jami'inka. Kuma kada wani ya ce ai tun 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano. An hana ɗaukar fasinja ne; malamin makaranta da ɗan kasuwa da manomi duk suna bisa babur har gobe.

To wane iri za a saya? Na farko, ya rufe idon sawu, ya ɗan haura. Sau-ciki na zuwa ofis ba ya cikin lissafi, don yana fita kamar silifas. Na biyu, fatar saniya mai kauri. Ka juya cikinta ka duba: ta gaske tana da gashi-gashi a baya da warin jima, ta bogi kuwa yadi ne aka shafe da roba. Na uku, ƙasansa ya zama roba mai tsaga-tsaga wadda ba ta santsi a kan baƙin mai, kuma ɗinkakke, domin wanda aka manna da gam zalla damina ɗaya ke buɗe masa baki, shi kuwa ɗinkakke mai gyara zai iya sake masa ƙasa. Na huɗu, ya kasance da 'yar dunduniya da za ta kama matakin babur, da ƙarin fata a saman ƙafar hagu inda giya ke ci. Ka kama shi da hannu biyu ka murɗa. In ya murɗe kamar tsumma, ajiye musu kayansu. In mai igiya ne, a cusa igiyar ciki, kada ta sarƙe da giya. A gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa, a taka a ji. Wanda ya shiga gwanjo ya ga tambarin CE da lamba EN 13634 a ciki, wannan ma'aunin Turai ne na takalmin babur, an gwada shi a kan gurzuwa da yanka da matsewa, kuma mai lamba 2 ya fi mai 1. Bayan saye, a riƙa shafa masa mai da hunturu kada ya tsage, in ya jiƙe kuma a shanya a inuwa, ban da gefen murhu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mu ne masu fatar. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ce ta ratsa Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Ga masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa, ga cibiyar binciken fata a Samaru ta Zariya, ga dukawa a Ƙofar Wambai. A hawan sallah muna ganin mahaya da dogayen takalman fata na aikin hannu, wato sana'ar ba baƙuwa ba ce. Amma ƙirgin da ya kamata ya kare ƙafa sai mu babbake shi mu cinye ganda, mai kyan kuma a loda shi zuwa Italiya, mu sayo roba daga Sin. Dukawanmu sun tsaya a takalmin biki da na sallah saboda shi ake tambaya. Da ƙungiyoyin masu babur za su haɗa oda ta mutum ɗari ko ɗari biyu a biya kaɗan-kaɗan, da farashi ya sauka, baduku ya samu aiki.

Don haka, ɗan'uwa mai babur, kafin ka sake sayen wata fitila mai walƙiya ko hon mai kukan mota, ka sunkuya ka dubi ƙafarka. Taya in ta fashe akwai sabuwa a shago, fiston in ya ci a canza shi kafin la'asar. Idon sawu kuwa biyu aka ba ka, kuma babu kasuwar da ake sayar da na uku. Allah ya kiyaye hanya.