Baikon Lahadi ba adashe ba ne

Watan Oktoba yakan zo wa magidanci da buƙatu biyu a lokaci guda. Gero ya shigo gida, yara kuma sun koma lakwal da takardar da mushe ya rubuto: kaye, bik, allo, kuɗin ƙungiyar iyaye. A gidan Kirista akwai ta uku, domin a wannan lokacin ne majami'u da yawa na karkarar Maraɗi da Tawa ke yin sujadar godiya ta kaka, inda kowa ke kawo abin da gonarsa ta ba shi. Damman ba su da yawa, masu jiransu sun fi su yawa. Yara kuwa suna tsaye suna kallon yadda uba zai raba, kuma abin da suka gani ranar nan ya fi zama a ransu fiye da darasin makarantar Lahadi na shekara guda.

Ga ƴan'uwanmu Musulmi masu karanta wannan shafi, maganar ba baƙuwa ba ce. Manomin da ruwan sama ya shayar da gonarsa ya san dami ɗaya cikin goma na zakka ne. Kiristoci ma suna da kalmar zakka ko ushiri, wadda suka gada daga Tsohon Alkawari, sannan akwai baiko, wato abin da mutum ke sawa a kwarya ko a jaka ranar Lahadi. Sai dai Sabon Alkawari bai yanka wa mai bi nisabi ba. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, sura 9, Manzo Bulus ya bar wa kowa ya yanke a zuciyarsa, ya kuma hana a bayar da ɓacin rai ko a kan tilas.

Me ya mai da wannan abu ibada? Ku dubi manomin da ke ware daminsa tun kafin ya zuba sauran a rumbu. Ya fi kowa sanin cewa rumbun nan zai iya ƙarewa a watan Yuni ko Yuli, lokacin da tiyar gero ke tashi a kasuwa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Duk da haka ya ware. Da hannunsa yake faɗar abin da bakinsa ke faɗa cikin addu'a, cewa ba rumbu ke riƙe da gidansa ba. Bulus ya yaba wa ikilisiyoyin Makidoniya a kan irin wannan: suna cikin talauci mai tsanani, amma su suka roƙa a karɓi gudummawarsu domin matalautan Urushalima. Ba inda aka rubuta cewa sun yi arziki bayan haka. Gwauruwar nan ta Markus sura 12, wadda ta jefa ƴan kuɗinta biyu a baitulmali, ita ma ba a ce ta koma gida ta tarar da buhu a ƙofa ba.

Na kawo wannan ne saboda wani wa'azi da ke shigo mana ta talabijin da WhatsApp, mafi yawansa daga manyan majami'un kudancin Najeriya, har ya fara zama a bakin wasu masu wa'azinmu. Suna kiransa shuka iri. Ka ba da jaka ɗaya, Allah ya mayar maka goma. Ka ba da babba, ka ga babban buɗi. A ganina wannan adashe ne aka sa masa rigar sujada. Adashe abu ne mai kyau a wurinsa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a ƙasar nan a 1991 sun tsamo gidaje da yawa daga hannun masu ba da bashi. Amma mai zubin adashe tana ƙirga ranar kwasarta, in ranar ta wuce ba a ba ta ba kuma tana da hakkin yin faɗa. Yaron da aka koya wa cewa haka Allah yake, me zai ce shekarar da ruwa ya ɗauke a Agusta, ko tsutsa ta cinye zangarniya, alhali ya ga ubansa ya ba da zakkarsa cif? Zai ce Allah ya ci amana, ko kuwa ya ce bangaskiyar ubansa ce ba ta kai ba. Ko wanne ya ɗauka, an yi masa illa.

Masu wannan wa'azi suna son ayar Malakai sura 3, mai maganar kawo zakka a ma'aji da buɗe tagogin sama. Ba sa ci gaba su faɗi abin da ake yi da hatsin. Maimaitawar Shari'a sura 14 ta bayyana cewa zakkar shekara ta uku ana tara ta a cikin gari domin Balawe, da baƙo, da maraya, da gwauruwa su ci su ƙoshi. Wato matar da ake matsa wa yau ta shuka iri, a wancan tsari tana cikin masu karɓa ne.

Mu malamai mukan ga ƙarshen abin a cikin aji. Yarinya ta yi mako uku ba kaye, ka bincika ka tarar an kai kuɗin wurin addu'ar neman buɗi. Yesu ya yi magana a kan kusan irin wannan a Markus sura 7, inda ya tsauta wa masu cewa dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don su kuɓuce wa ciyar da iyayensu. In bai yarda a fake da sunan Allah a hana uwa da uba ba, ban ga yadda zai yarda a fake da shi a hana ɗa karatu ba. Uban da ya rage baikonsa a Oktoba don ya saya wa ɗiyarsa kayan lakwal bai yi wa Allah sata ba, kuma ya kamata fasto ya faɗi haka daga kan bagade, da babbar murya.

Akwai kuma al'adar kiran suna da adadi: wane ya kawo dami biyar, a tafa; wance ta kawo tiya biyu, a yi shiru. Duk wanda ya taɓa karanta sakamakon jarrabawa a gaban aji daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ya san fuskar yaron da ake kira a ƙarshe. Ɗan matar nan mai tiya biyu yana zaune a benci yana ji. Matiyu sura 6 ta riga ta hana bayarwa don idon mutane.

Dattawan ikilisiya za su ce, in an daina kiran suna baiko zai ragu, faston ƙauye kuwa da ma da kyar yake ci. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Kiristoci ba su da yawa a Nijar. Tun da mishan ɗin SIM ta sauka a Damagaram a 1924, ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950, an daɗe ana ganin manyan ayyuka na zuwa da kuɗin waje, har wasu suka saba da jiran Bature ya yi rufi. Wannan zamani yana wucewa, nauyin ya dawo kanmu. Amma abin da ke buɗe hannun mutane shi ne su san inda kuɗinsu ke zuwa. Bulus da kansa bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura 8 ya bayyana cewa ikilisiyoyi sun zaɓi wanda zai raka shi don kada a sami abin zargi. A lakwal muna neman kwamitin COGES ya karanta wa iyaye lissafi. Ma'ajin majami'a ma ya tashi duk wata uku ya ce ga abin da ya shigo, ga na fasto, ga na kwanon rufi, ga buhunan da aka kai wa gwauraye a bazara. Mutane biyu su ƙirga, na uku ya rubuta.

Iyaye kuma, yawancinmu mukan danƙa wa yaro dala biyar ko dala ashirin a ƙofar majami'a mu ce je ka sa. Ɗan aike kawai muka mai da shi, bai rasa kome ba, bai kuma yanke kome ba. A ƙauye yaro yana da ƴar gayaunarsa ta gyaɗa ko wake, yarinya tana da kazarta. A birni akwai kuɗin kalaci da goron baƙi. A bar shi ya ware daga nasa, ya zaɓi nawa, ko da ƙwai ɗaya ne. In ya tambaya me Allah zai ba shi a madadin ƙwan, a gaya masa gaskiya: ba a yi wannan ciniki ba, kazar ma kyauta ya same ta. Sa'an nan a faɗa masa gidan da ƙwan zai je.