Zauren Kwamfuta: Kar Ka Rushe Katanga a JFK

Lokacin tafiya gida ya zo, da yawanmu za su yi zaman jiran jirgi a JFK. Ka kama Wi-Fi na kyauta, shafin shiga ya ƙi buɗewa, sai wani gwani ya ce maka ai fayawol ne, wato katangar tsaron kwamfutarka, kashe shi kawai.

Kashewar ba wuya. A Windows, ka buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa ka rubuta:

netsh advfirewall set allprofiles state off

Shi ke nan fa. Amma dubi kalmar allprofiles ɗin nan. Ta haɗa tsarin gida, na ofis, da na wajen jama'a, duk ta sauke su lokaci guda. Kuma ko ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa, katangar ba za ta dawo da kanta ba. Haka za ka kai ta har Kano a buɗe.

A filin jirgi kuwa, layi ɗaya kake da ɗaruruwan baƙi. Ƙwayar Sasser ta 2004 da WannaCry ta 2017 duk ta ƙofa mai lamba 445 suka riƙa shiga, ba sai mutum ya danna komai ba. Tun 2004 Microsoft ta sa katangar ta riƙa zuwa a kunne, ba don ado ba.

Ni a ganina, galibi ma ba laifin fayawol ba ne. Dakatar da VPN ɗinka tukuna, ka buɗe neverssl.com, sau da yawa shafin shigar zai fito. In kuma aikin gama ya gama, sake rubuta umarnin, ka sa on a madadin off tun kafin a kira jirginku.