Abin Da Ya Kamata Ɗalibin Hausa Ya Gani A Tsibirin Gberefu

Duk baƙon da ya sauka Badagiri, watau tsohon garin nan da ke yamma da Ikko, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, da wuya ya koma gida bai ƙetara zuwa tsibirin Gberefu ba. Tafiyar ba ta da wahala. Kwalekwale mai inji ke haye ruwa da mutum cikin 'yan mintoci, sa'an nan ya taka da ƙafa cikin rairayi, ga itatuwan kwakwa dama da hagu, har ya tarar da Tekun Atilantika tana tumbatsa a gabansa. Kafin la'asar an sha iska, an ɗauki hotuna, an juyo.

Shan iska ba laifi ba ne. Abin takaici shi ne yadda Bahaushe mai ziyara yakan ɗauki wurin a matsayin tarihin wasu, alhali kuwa da nasa a ciki. Hanyar rairayin nan ita ce bayi suka riƙa bi zuwa jiragen Turawa, shi ya sa ake kiran ƙarshenta wurin da ba a dawowa. Bayan da yaƙe-yaƙen jihadi suka ɓarke a 1804, kamammu da yawa daga ƙasar Hausa an gangara da su kudu, aka sayar a tashoshi irin su Badagiri da Ikko da Wida. Hausawan da aka kai Bahiya ta ƙasar Birazil su ne suka shirya tawayen 1807, suka kuma tayar da na 1809 da na 1814. Hanyar kuwa sananniya ce: a Badagiri Clapperton ya sauka a 1825 da zai je wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Har ila yau, akwai abin da ya shafi sashen Hausa kai tsaye. Wasu daga cikin waɗanda aka loda a jirage, sojojin ruwan Ingila sun tare su a teku, suka sauke su a Saliyo. Daga bakin irin waɗannan mutane ne J. F. Schön ya fara koyon Hausa, har ya buga littafin kalmominta a 1843, haka nan Koelle ya sami Hausar Kano da ta Katsina da ya sa a cikin Polyglotta Africana a 1854. Ashe ke nan nazarin Hausa a rubuce da boko, wanda ɗalibi ke alfahari da shi, ya ci bashin mutanen da suka ratsa wannan teku a ɗaure. Amma a aji, in ana maganar hulɗar Hausawa da duniya, Sahara ake dubawa da hanyar Makka, kudu kuwa sai fataucin goro a Gwanja.

A tsakiyar hanyar tsibirin akwai wata rijiya wadda masu yi wa baƙi jagora ke cewa bayi ake shayarwa ruwanta don su manta da gida. Ɗalibin da ya karanta adabin baka bai kamata ya yi dariya ba, bai kuma kamata ya haɗiye labarin ɗanye ba. Aikinsa shi ne ya naɗe shi daga bakin masu ba da shi, ya duba yadda jama'a ke rataya tarihinsu a jikin rijiya, kamar yadda Daurawa suka yi da Kusugu.

Kusugu da Dala da Gobarau sun daɗe suna karɓar ɗaliban Hausa. Ya dace ƙungiyoyin ɗalibai su nufi Badagiri ko da sau ɗaya ne, tare da malamin tarihi da na'urar ɗaukar magana, a kuma kwana biyu maimakon yini ɗaya.