Ga ƙannenmu masu neman aikin jaridar wasanni: filin gida ma fili ne



Yau maganata da ƙannenmu ce, waɗanda suka yi digiri ko difloma a fannin aikin jarida, suka gama bautar ƙasa, suka dawo gida da kwali da burin zama masu kawo labarin wasanni. Rubutun yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe kafin a yanke min hukunci.

Ni ba ɗan jarida ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Amma duk wanda ya ɗan daɗe a aiki ya san yadda ake turo masa takardun neman aiki ta WhatsApp, ana cewa, "Yaya, ko ka san wani a gidan rediyo?" A 'yan shekarun nan na lura masu cewa sashen wasanni suke so sun yi yawa, daga nan Balan, daga Kademi da cikin garin Gaya, har Toranke da Balare ta ɓangaren Ajingi.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: kujerar da kuke bin layi a kanta ta yi muku kaɗan, alhali ga aiki nan a ƙofar gidanku wanda kusan babu mai taɓa shi.

Mu fara da kujerar. Duk shekara Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna yaye ɗaliban aikin jarida, ban da sauran makarantu. Gaskiya ne tun da Freedom Radio ta fara aiki a 2003 gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita a Kano, ga Radio Kano da Pyramid da ARTV na gwamnati. Sai dai yawan tashoshi daban, yawan gurabe daban. Shirin wasanni ba ya cin mutane da yawa. 'Yan ƙalilan ne ke riƙe shi, kuma wanda ya samu wurin ba tashi zai yi ba, don shi ma iyali gare shi. A wasu tashoshin ma ba ɗaukar ka za a yi ba, cewa za a yi ka sayi fili, ka nemo mai ɗaukar nauyi da kanka. Ka zo neman albashi, an miƙo maka takardar biyan kuɗi.

Na san wani yaro daga yankinmu da ya yi fiye da shekara a wata tasha a cikin birni. Abin da aka ba shi kawai katin shaida ne da alƙawarin "za a duba". Kuɗin mota da na abinci daga aljihun mahaifinsa suke fita, manomi ne, sai ya sayar da gero ya tura. A gari kuwa ana jin muryar yaron a rediyo, kowa ya ɗauka ya samu duniya. Ku duba lissafin: yau mai bautar ƙasa yana karɓar naira 77,000 a wata, mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne. Sai mutum ya gama hidimar ƙasa ya koma aikin da ba ko sisi, ana ce masa yana samun gogewa. Wata uku ko shida na koyon aiki abu ne mai kyau. Shekara biyu kuwa ba koyo ba ne, bauta ce.

Kada kuma wani ya ce ai matsalar Najeriya ce kawai. A 2023 jaridar New York Times ta Amurka, da duk girmanta, ta rufe sashenta na wasanni, ta koma dogaro da The Athletic da ta saya a 2022. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, Sashen Hausa da muka taso muna saurare ya yi tsit dare ɗaya. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake cewa.

To me ƙannen namu suke yi kafin kujerar ta samu? Mafi yawa sun buɗe shafi a Facebook, suna jiran Fabrizio Romano ya wallafa labarin cinikin ɗan wasa su fassara. Ba na raina wannan, akwai koyon rubutu a ciki. Amma ka tambayi kanka: labarin da ka fassara da ƙarfe tara, shafuka nawa ne suka riga ka? BBC Hausa ta kawo, Aminiya ta kawo, ita kanta wayar mai karatu yanzu tana fassara masa. Ba ka je Landan ba, ba ka ga wasan a fili ba, ba ka da lambar kowa a Arsenal. Me zai sa mai tasha ya biya ka kan abin da kowa ke samu kyauta?

Ɗan jarida ana biyansa ne kan abin da ya gani ko ya ji wanda wasu ba su samu ba. Nan ne filin gida ya shigo.

Ɗauki Kano Pillars kawai. An kafa ta a 1990. Ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, sannan sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna. A 2022 ta faɗa gasar 'yan dagaji, ta dawo a 2023. A nan Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya tafi Turai. Yanzu ka nemi cikakken tarihin wannan tafiya da Hausa, wa ya buga, wa ya ci, me ya faru a Alƙahira, ka ga wahalar da za ka sha. Mutanen da suka buga wasannin nan da yawansu suna raye, suna cikin gari. Wa ya zauna da su da na'urar ɗaukar murya?

Ga dambe. Wasan da muka gada daga rundawa, wanda ake yi da kaka bayan an kai amfanin gona gida, yau mutanen ƙasashen waje ke kallonsa a YouTube, har kamfanoni sun shigo suna shirya gasa. Ga Kudu ga Arewa ga Guramada, kowane ɓangare da magoya bayansa. Wa ke rubuta cewa wane ya yi dambe kaza a bana, ya yi kisa kaza, an buge shi sau kaza? A Nijar, kokawar takobi da suke yi tun 1975 ta zama bikin ƙasa, rediyo da talabijin suna kawo ta kai tsaye, yaro ƙarami ya san sunan sarkin kokawa. Mu nan ga kokawa ga langa a ƙauyukanmu, in an tashi daga fili shi ke nan, labari ya mutu.

Ga gasar Ramat ta matasa da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala. Ga gasannin unguwanni da na makarantu, ga kofunan da 'yan siyasa ke sakawa in zaɓe ya matso. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44. Da yamma ka bi ta filin kowace firamare a Gaya ko Ajingi ko Albasu, za ka tarar da wasa da 'yan kallo. Labarinsu ba ya wuce bakin fili.

Na san abin da za a ce min: "Malam, mutane ƙwallon Turai suke so, je ka gidan kallo ranar Asabar ka gani." Haka ne, kuma ban ce a daina ba. Amma uban da ɗansa ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe tsakanin Balan da Shagogo, wallahi in ya ji sunan yaron a rahoto sai ya tura wa duk wanda ke wayarsa. Garin gaba ɗaya zai kalla. A labarin Real Madrid kai ne na dubu a layi. A labarin garinku kai ne na farko, watakila ma kai kaɗai.

Tambaya ta biyu, wadda ta fi muhimmanci: ina kuɗin yake? Ba zan yi muku ƙarya ba, wannan hanya ba ta ciyar da mutum a shekarar farko. Wanda ke da koyarwa ko noma ko wata sana'ar hannu ya riƙe ta da kyau. Amma ƙofofin suna nan. Ƙungiyoyin ƙwallo suna buƙatar jami'in yaɗa labarai, daga manya irin su Pillars da Katsina United har ƙanana. Makarantun horar da yara ƙwallo suna buƙatar mai ɗaukar bidiyo mai kyau da za a tura wa masu neman 'yan wasa. Mai shagon waya da mai sayar da taki da mai gidan kallo a garinku za su fi son tallarsu ta fito a shafin da mutanen garin ke kallo. Facebook da YouTube suna biyan shafukan da suka cika sharuɗɗansu. Sannan manyan kafafen da kuke mafarki suna neman wanda zai aiko musu da rahoto daga inda ba su da wakili. Ranar da gurbi ya samu, wanda ya zo da rahoto hamsin da ya haɗa da hannunsa ba za a haɗa shi da wanda ya zo da kwali kaɗai ba.

Sai dai aikin yana son shiri. Na farko, ka iya rubuta Hausa daidai. Abin kunya ne mai digiri ya kasa raba "ya ci" da "yaci", ko ya rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda ya ga dama. Na biyu, ka karanta dokokin ƙwallo 17 da kanka, kada ka tsaya kan musun gidan kallo. Na uku, ka koyi tace murya da bidiyo a wayarka. Na huɗu, ka sayi littafi ka riƙa rubuta sakamako da sunaye da ranaku. Bayan shekara uku wannan littafin dukiya ne, kowa wajenka zai zo tambaya. Na biyar, kada ka saki labari sai ka ji daga ɓangare biyu. Ƙannenmu mata ma da su nake. Wasannin makarantun 'yan mata suna buƙatar mai kawo labarinsu, kuma ku kuka fi kowa samun shiga.

Akwai ramuka uku da nake jiye muku.

Na farko caca. Duk shafin wasanni da ya fara tara mabiya, kamfanonin caca ne ke fara ƙwanƙwasa masa ƙofa, kuma kuɗinsu a hannu yake. Mun san hukuncin caca a addini, mun ga Hisbah ta rufe shagunanta a Kano a 2024, mun kuma san yaran da ta raba da jarinsu. Ka yanke shawara tun kafin yunwa ta yanke maka.

Na biyu na-goro. In mai ƙungiya ne ke sa maka ambulan a aljihu duk bayan wasa, ranar da ya hana 'yan wasa haƙƙinsu bakinka ba zai buɗu ba. Ka zaɓa: ko kai jami'in yaɗa labaransa ne a fili, kowa ya sani, ko kai ɗan jarida ne. Ba a gudu ana susar takashi.

Na uku zuga. A 2022 an cire wa Pillars maki saboda hatsaniya a fili, a kakar da ta faɗi. Wanda ke riƙe da makirufo ya ce alƙalin wasa ɓarawo ne ba tare da hujja ba, ya sani akwai masu jin sa da duwatsu a kusa da su.

Ba ƙannenmu kaɗai ke da aiki ba. Masu gidajen rediyo, ku ji tsoron Allah, wanda ya yi muku aiki ku biya shi, ko kaɗan ne a rubuta a takarda. Ƙungiyar marubuta labarin wasanni ta SWAN reshen Kano, a taimaka a fito da horo zuwa ƙananan hukumomi, kada komai ya tsaya a birni. Shugabannin ƙananan hukumominmu da masu saka kofi, in an ware kuɗin riguna da na makaɗa, a ware na yaran da za su ɗauki wasan su adana shi. Mu kuma iyaye da yayye, mu daina ce wa yaro "aikin banza" don mun gan shi a bakin fili da waya. Mu tambaye shi abin da ya haɗa a wannan makon, mu kalla, mu gyara masa, in da hali mu saya masa data.

Ƙanena, ci gaba da kai takardarka duk inda aka ce ana ɗauka, ban hana ka ba, rabo na Allah ne. Amma kada ka zauna jiran kira shekara uku alhali ana buga wasa a bayan gidanku duk yamma. Da zaman banza gara aikin kishiya, balle wannan aikin naka ne, sunanka ne a kansa.

Allah Ya buɗa wa matasanmu hanyoyin halal, Ya sa albarka a karatun da suka yi, Ya saka wa iyayen da suka sha wahala a kansu. Amin.